Me ya sa bangaskiyata ba ta girma?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa bangaskiyarka ba ta girma, alhali ba ka fashin sujada ranar Lahadi. Bangaskiya tana ƙaruwa ne idan mutum ya aikata maganar da ya ji, daga Litinin har Asabar, kamar yadda Yakubu 1:22 a cikin Littafi Mai Tsarki ya gargaɗe mu.

A nan Maraɗi na lura cewa waɗanda suka kafu cikin Ubangiji da ƙananan abubuwa suka fara, misali mai sayar da gero ya cika tiya daidai ko da mai saye ba ya kallo. Sai dai ka riƙe addu'a kowace safiya, domin irin wannan biyayya tana yin wuya sosai da damina, lokacin da hatsi ya yi tsada kuma rumbu ya kusa ƙarewa.