Me ya sa XML ke ƙin alamar &, kuma ƙ take komawa Æ™?

Tambaya: Ina tura jerin kaya daga manhajata zuwa saba (kwamfutar da ke karɓar bayanan) a tsarin XML (tsarin rubuta bayanai don musaya tsakanin manhajoji). Da zarar sunan kaya yana ɗauke da &, kamar "ƙwai & madara", sai saƙon ya dawo da kuskure. In na cire alamar ya wuce, amma "ƙwai" sai ta fito "Æ™wai". Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Malam, cuta biyu ce, kowace da maganinta.

Ta farko: a XML, & da < suna da aikinsu, don haka ba a barin su tsirara cikin rubutu. Rubuta &amp; a madadin &, da &lt; a madadin <. Akwai kuma &gt; da &quot; da &apos;, su biyar ke nan XML ya sani. &nbsp; ta HTML ce; a nan sai &#160;. In da hannu kake musanyawa, fara da &, in ba haka ba &lt; ɗinka za ta koma &amp;lt;. Ka kula da kalma irin 'yan: in ta faɗa cikin attribute (ƙarin bayani irin suna='...') da aka kewaye da alamar ' ɗaya a kowane gefe, nan take za ta datse shi. Shawarata, bar haɗa XML da liƙa rubutu, ka bar wa laburaren XML (shiryayyen kayan aikin haɗa XML) na yaren kwamfutar da kake amfani da shi wannan aikin.

Ta biyu ta fi shafar mu. Harafin ƙ a UTF-8, tsarin mayar da haruffa lambobin da kwamfuta ke ajiyewa (bayit), bayit biyu ne, C6 da 99. Mai karɓa ya karanta su da wani tsarin daban, Windows-1252, inda C6 ke nufin Æ, 99 kuma ™. Wato bayananka sun isa lafiya, karatun ne ya karkace. Sa <?xml version="1.0" encoding="UTF-8"?> a farkon fayil, ko tazara ɗaya kar ta riga shi, sannan Content-Type, layin da ke gaya wa saba irin saƙon da ka tura, ya zama application/xml; charset=utf-8. Amma rubuta sunan UTF-8 ba ya juya komai; dole bayit ɗin da ka tura su zama UTF-8 da gaske.

Da alamar tambaya ka gani a gurbin ƙ, to wannan ta fi muni: an ajiye rubutun da ISO-8859-1 ko Windows-1252, waɗanda ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, harafin ya riga ya salwanta, sai ka koma tushe. In kuwa tsohuwar saba ce da ta kafe a kan tsohon tsari, tura ƙ da lambarta: &#409;.