Tambaya da Amsa: Kamun Kifin Tirawut a Tafki Lokacin Kaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kai ni Ingila bara, kuma wani abokin aikina ya matsa mini in bi shi kamun kifin tirawut a tafki cikin watan Oktoba, yana cewa babu lokacin da ya kai kaka albarka. Ni kuwa a ganina sanyi korar kifi yake yi zuwa ƙasan ruwa. Shin gaskiyarsa ce, kuma me ya kamata in sani kafin in bi shi? Daga wani mai karatu a Ingila.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin naka yana da gaskiya, kuma dalilin yana cikin yanayin ruwan ne. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, wanda ya fi sakewa idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar ya haura digiri 20 sai ya takura ya rage cin abinci. A lokacin zafi, tafki mai zurfi yakan rabu hawa-hawa: ruwa mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, ba sa gauraya. Saboda haka kifin yakan nutse zuwa inda sanyi yake, nesa da mai fatsa da ke tsaye a gaɓa. Idan kaka ta shigo dare ya yi tsawo, saman tafkin yakan huce ya yi nauyi ya nutse, iska kuma ta dama ruwan har sanyi da iskar oksijin su daidaita daga sama zuwa ƙasa. A nan ne tirawut yake baro zurfi ya matso bakin gaɓa, wani lokaci cikin ruwan da bai wuce gwiwar mutum ba. Sai dai a 'yan kwanakin da ruwan yake juyawa yakan gurɓace, kifin ya ƙi cin ƙugiya, don haka wanda ya tarar da tafki a dame gara ya haƙura ya dawo bayan ya kwanta.

Abu na biyu shi ne yunwa, domin kifin yana tara kitsen da zai ci da shi hunturu. A manyan tafkunan Ingila irin su Rutland Water da Grafham Water, an san kaka da farautar 'ya'yan ƙananan kifaye da suke taruwa a gefen ciyayin ruwa da gindin matsayar kwale-kwale. Mai lura zai ga saman ruwa ya fashe, ƙananan kifaye sun watse kamar an watsa tsaba, tsuntsayen ruwa suna shawagi a kai, sannan bayan ɗan lokaci tirawut ɗin ya dawo a hankali yana tsintar waɗanda ya buge suka jigata. Wanda ya jefa ƙugiyarsa a daidai wurin ya bar ta tana lilo, sau da yawa ya fi mai jan ta da sauri samun rabo. Abin da ake ɗaurawa kuwa shi ne wanda ya yi kama da ɗan kifi, ko ƙarfe mai siffar cokali da ke walƙiya, ko ƙwaron bogi da aka haɗa da gashin tsuntsu da zare. Ni dai shawarata ga sabon shiga ita ce ya tsaya a gaɓar da iska take kaɗowa gare ta, ko da jifa zai yi masa wuya, saboda can ne igiyar ruwa take tara ƙwari da sauran abinci.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne doka, domin kaka ita ce kuma lokacin da wasu jinsunan suke shirin zuba ƙwai. Tirawut mai launin ruwan ƙasa, ɗan asalin Turai, yakan haura ƙoramu ya zuba ƙwansa cikin tsakuwa daga ƙarshen kaka zuwa farkon hunturu, shi ya sa a Sikotlan doka ta ƙayyade kamunsa daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba. Mai launin bakan gizo, wanda aka kawo daga yammacin Amurka ta Arewa, galibi sai bayan hunturu yake zuba ƙwai, kuma shi aka fi zubawa a tafkunan Ingila da ake biya a shiga, don haka mai yiwuwa shi za ku nema. Kana buƙatar lasisin fatsa na hukuma, da kuma izinin masu tafkin, waɗanda su ne suke faɗin adadin kifin da za a tafi da shi, kuma tafkuna da dama ba su yarda da komai ba sai ƙwaron bogi. Duk kifin da za ka mayar, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi don kada ka goge santsin da yake kare fatarsa, sannan ka riƙe shi a cikin ruwa har sai ya kaɗa wutsiya ya tafi da kansa.