Damuwa na iya jawo ciwon kai da rashin barci?

Ɗan'uwa, ka ce tun da aiki ya yi maka yawa kake fama da ciwon kai da rashin barci. Ƙwarai kuwa damuwa na jawo haka. Idan hankali ya tashi, jiki kan saki sinadaran adrenalin da kotisol, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, jini ya hau, wuya ya sanƙare. Na ɗan lokaci ba komai. In abin ya daɗe ne za ka ga ƙarfe 2 na dare idonka biyu, kana ta lissafin gobe.

Ni dai tattakin minti 30 da ajiye waya kafin kwanciya suka taimake ni. Amma ka je a auna jininka. In kuwa ƙirji na ciwo, kada ka jira, ga likita yau.