Amsa: Sai na yi digiri na biyu kafin in nemi digirin digirgir a Amurka?

Ƙanwata, kin ce kin gama digiri a fannin sinadaran jikin halittu, kina son binciken cututtuka a Amurka, kina tambaya ko dole sai kin yi digiri na biyu. A'a, ba dole ba ne. Yawancin jami'o'in can suna ɗaukar mai digirin farko kai tsaye, karatun kuma yakan ci shekara 5 zuwa 6. Galibi ba a biyan kuɗin makaranta, har alawus ake bayarwa.

Abin da suke dubawa da gaske shi ne aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje. Me kika bincika, wace hanya kika bi, me kika yi da gwajin ya ƙi? Wannan za ki zuba a takardar bayanin kanki, ki bar dogon labarin burin yarinta. Wasiƙun shaida uku kuwa, ki nema wurin malaman da suka ga aikinki da idonsu, ko da ba farfesoshi ba ne. Ki sanar da su da wuri, don Allah, nan ne mutane da yawa ke makara.

Akan rufe karɓa wajen 1 ga Disamba, a yi ganawa a Janairu da Fabrairu. Da yawa sun daina neman sakamakon GRE, wato jarabawar shiga karatun gaba da digirin farko.

Ki sani guraben baƙi kaɗan ne, domin tallafin horaswa na NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Ki nemi wurare da dama, ki kuma duba cibiyar binciken cututtuka ta WACCBIP a Jami'ar Ghana, suna aiki sosai kan zazzaɓin cizon sauro.