Tambaya da Amsa: Makero, Kyasbi da Gansakuka

Tambaya: Salam. Don Allah yarona ɗan shekara 6 makero ya fito masa a ka har gashin wajen ya zube, na ba shi antibayotik ban ga canji ba, sai wata ƙawata ta ba ni wani man shafawa mai haɗi, ƙaiƙayin ya lafa amma yanzu abin sai faɗi yake ƙara yi. Ya zan yi? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikissalam maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Abu na farko ki ajiye man nan tukuna. Yawancin irin waɗannan mayukan masu haɗi akwai sitiroyid a ciki, shi kuma aikinsa kwantar da garkuwar fata, shi ya sa kika ga ƙaiƙayi ya yi sauƙi, amma fa sojan da ke yaƙar cutar ne kika sa ya yi barci, toh ita kuma cutar sai ta samu fili ta miƙe ƙafa. Antibayotik ɗin ma asarar kuɗi ce kawai, don shi bakteriya yake kashewa, makero kuwa fungus ne ke kawo shi, dangin funfuna da yis da naman kaza. Irin wanda ke kama mutum a fata, kamar Trichophyton, abincinsa keratin ne, wato sinadarin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi, yana ci yana bazuwa ta gefe-gefe tsakiya na warkewa, kin ga dalilin da ya sa yake fitowa kamar zobe. Da a jiki ne ya fito, man clotrimazole na sati 2 zuwa 4 kan isa. Amma na kai ya riga ya shiga cikin silin gashi inda mai ba ya kaiwa, dole sai maganin sha, griseofulvin wajen sati 6 zuwa 8 ko terbinafine, kuma likita ne zai auna masa daidai nauyinsa, kar ki saya da ka. Ki ware masa mataji da hula da tawul da rigar filo, ki duba kan sauran yaran, in kuna da mage ita ma a duba ta don tana ɗauka.

Tambaya: Kyasbi ne a wuyana da baya, na yi magani amma tabon fari na nan. Bai warke ba ke nan? Daga wani matashi.

Amsa: Zai iya yiwuwa ya warke ɗan'uwa, launin fata ne ke ɗaukar watanni kafin ya dawo. Yis ɗin da ke kawo shi, Malassezia, yana jikin kusan kowa yana cin maiƙon fata, zafi da gumi ne ke sa ya yi yawa, don haka kar ka zargi wani cewa shi ya shafa maka. In ka kankare wajen ka ga yana fitar da gari-gari toh da saura, ka koma wa sabulun ruwa na ketoconazole.

Tambaya: Malam gansakuka da funfuna ba abu ɗaya ba ne? Duk a waje mai laima nake ganinsu. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Laimar ce kaɗai ta haɗa su. Gansakuka tana da kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, da hasken rana take haɗa abincinta kamar ganye, kuma 'yan ƙananan da ke yawo a teku su ke samar da wajen rabin iskar oksijin ta duniya. Funfuna ba ta iya wannan, sai dai ta shimfiɗa zaruruwa a kan abu ta zuba masa sinadarin narkarwa sannan ta tsotse, shi ya sa ko a duhu take girma abinta. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne ta fi kusa da dabba a kan tsiro, bangon ƙwayarta ma da kaitin aka yi shi, irin na ɓawon ƙwaro. Wannan kusancin ne ya sa magungunan fungus ba su da yawa, don da wuya a samu abin da zai kashe shi bai taɓa mu ba, har hukumar lafiya ta duniya ta fitar da jerin nau'o'in fungus guda 19 masu haɗari a 2022. Kuma don maman yaro ta ji, antibayotik ɗin nan penisilin, shi kansa daga funfuna Alexander Fleming ya gano shi a Landan a 1928, makami ne da fungus ke yaƙar bakteriya da shi, toh ta yaya zai kashe mai shi?