Kafin ka sayi motar, ka tambayi kunnena na hagu

Ɗana, saƙonka ya iso, har da hoton takardar samun gurbi a Jami'ar Manitoba da ke birnin Winnipeg a ƙasar Kanada. Allah Ya sanya albarka, na kira Yaya ma na taya shi murna. Sauran abin da ka rubuto ne ya tayar mini da hankali. Ka ce za ka sauka Winnipeg farkon Janairu, cikin mako biyu ka sayi 'yar tsohuwar mota, ka fara kai wa mutane abinci gida-gida don biyan kuɗin haya, in an yi hutu kuma ka tuƙa zuwa birnin Minneapolis na Amurka wurin abokinka. Sai ka rufe da cewa, "Baffa, sanyi ba zai dame ni ba, a Jos na yi bautar ƙasa." Kai ne na huɗu a bana da ya kawo mini zancen Jos.

A Jos mutum kan sa suwaita ya sha shayi, shi ke nan. A nan, daren Janairu da ma'auni ya sauka 20 ƙasa da sifili dare ne na yau da kullum, 30 ma ba ta zama labari. Sannan ga iska. Kudancin Manitoba a shimfiɗe yake kamar tabarma, ba dutse ba tudu, iska tana tahowa babu abin da ke tare ta. Shi ya sa masu hasashen yanayi ke ba da lamba biyu, ta ma'auni da ta yadda jiki zai ji idan an haɗa da iska. In ta biyun ta kai 40 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10.

Ni ba a takarda na koya ba. Shekarata ta farko, ranar wata Juma'a, na ci ado, na kafa hula zanna bukar, na ce ai masallaci ba nisa. Da aka idar da salla na tsaya jiran bas, bas ya yi latti. Da farko kunnuwana suka riƙa zugi kamar an ɗana musu wuta, can sai zugin ya ɗauke, na ce alhamdulillahi na fara sabawa. Ashe ɗaukewar ita ce matsalar. Da na shiga bas wata tsohuwa ta nuna kunnena tana magana da sauri, na duba a gilashi, ya yi fari fat kamar kyandir. Washegari ya kumbura ya yi ruwa, daga baya ya saɓule. Allah Ya tsare ba a yanke komai ba, amma har yau shi ke fara sanar da ni shigowar sanyi kafin rediyo. In hakan ta same ka, kada ka murza wurin, kada ka kara shi a jikin hita, ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sawa, sannan a nufi asibiti.

Amma motar ce ta fi damuna. Ka iya tuƙi, ban musa ba, wanda ya fita lafiya daga cunkoson Kantin Kwari da 'yan adaidaita sahu direba ne. Sai dai duk abin da hannunka da ƙafarka suka saba da shi a kan busasshiyar kwalta suka saba. A nan akwai wata siririyar ƙanƙara da ke kwanciya a kan titi, ba ta da launi, ido yana ganin baƙar kwalta kawai. Ta fi son kan gada da mahaɗar hanya. Ka taka birki, mota ta ci gaba da tafiya kamar ba da ita kake ba, ka murɗa sitiyari ta ƙi juyawa, ko ta juya gaba ɗaya ta fuskanci inda ka fito. Tayar da ake ce wa ta kowane lokaci tana taurarewa da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da 7 sama da sifili, ba ta kama titi. Tayar sanyi daban take, kuma guda huɗu ake sawa. A lardin Kwibek doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris; a nan lardin Manitoba ba a tilasta ba, shi ya sa ɗalibai ke tsallake ta don tsimin kuɗi.

Ni ma na tsallake. Wani ɗan ƙasarmu, wanda na ci tuwo a gidansa, shi ya sayar mini da motata ta farko, ya rantse tayoyinta sun isa. Ya san ƙarya yake yi, ya daɗe a garin nan. Har yau muna gaisawa a masallaci, amma ban manta ba. Ina dawowa daga garin Portage la Prairie a kan babbar hanya mai lamba 1, wajen ƙarfe biyar na yamma, gari ya riga ya yi duhu, don a Disamba kusan huɗu da rabi ake magariba. Sama ba ta zubo da komai, iska ce kawai ta kwashi dusar ƙanƙarar da ke kwance a gonaki ta watso kan titi. Ka san ƙurar hunturu mai hana jirgi sauka a Kano? To ka mai da ita fara, ka ninka ta, har ka daina ganin hancin motarka. Na taka birki, abin da na sani kawai shi ne ina cikin kwarin gefen hanya, dusa har ƙofa. Wayata ta nuna saura kashi 30, ina gama kira ɗaya ta mutu, sanyi na shanye batir. Sa'a huɗu na yi kafin janwe ya iso.

Abin da ya cece ni shi ne na tuna maganar wani abokin aiki: kada ka fita. Na hango wata fitila kamar ta gidan gona, zuciyata ta yi ta raya mini in taka in je. Mutane da yawa a haka suke mutuwa, nisa na yaudara a cikin farin nan, taku kaɗan ka daina ganin motar. Ana zama a ciki, a kunna inji kamar minti goma a kowace sa'a, kuma kafin a kunna a tabbata dusa ba ta toshe salansa ba, in ta toshe hayaƙi mai guba marar wari zai dawo ciki, barci ya ɗauke ka ba farkawa. Tun ranar motata ba ta rabuwa da bargo, shebur, kyandir da ashana, da dabino, kuma fetur ba ya sauka ƙasa da rabin tanki. Yau tirela nake ja tsakanin Manitoba da Alberta, shekara tara ko ƙwarzane ban yi ba, da ita na gina gidan da kuke zuwa gaishe da Hajiya. Duk da haka ba na tayar da inji sai na duba 511, inda gwamnatin lardi ke sanar da halin hanyoyi, in an ce an rufe hanya in nemi wuri in kwanta.

Hanyar Minneapolis da kake zance kuwa, lamba 75 ce, ta Emerson, bakin iyaka. A wannan yankin, a Disamba 2016, wasu 'yan Gana biyu suka tsallako da ƙafa daga Amurka suna neman mafaka. Wani direban babbar mota ne ya tsince su a bakin titi, sun rayu, amma sun rasa yatsun hannuwansu. A Janairu 2022 aka tsinci gawar wasu 'yan Indiya huɗu, miji da mata da 'ya'yansu biyu, ƙaramin shekararsa 3, 'yan taku kaɗan daga iyakar, suna ƙoƙarin shiga Amurka cikin dare. Na san ba shirinka ba ke nan. Amma za ka haɗu da masu ce maka ai fili ne kawai, ba shinge ba soja. Gaskiya ne, ba shinge.

Saboda haka sanyin farko ba mota. Ka hau bas, gine-ginen jami'arku ma da yawa a haɗe suke ta ƙarƙashin ƙasa. In dusa ta narke a Afrilu ni da kaina zan raka ka neman mota, sanyi na biyu kuma in kai ka filin ajiye motoci da ba kowa ka koyi yadda take zamewa. Kuɗin hayar wata uku na farko mun riga mun yi magana da Yaya, ba ruwanka.

Wajen sayen tikiti ka bar tazara mai yawa a Toronto, guguwar dusa na soke jirage a lokacin nan, kuma akwati kan makara. Duk rigar sanyin da kake da ita ta zauna a jakar hannu. Kada ka ɓata kuɗi a gwanjo wajen babbar jaket, ba za ta yi ba, zan zo filin jirgi da ita. Turo mini lambar takalminka da ta jirgin, ka gaishe da mamanka.