Ƙwace waya da duka ba sa kare yaro a intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce, ina koyar da yara 'yan shekara 11 zuwa 12. Makon jiya aka gano wata yarinya a ajina tana hira da wani baƙo a Instagram, har ya fara neman ta tura masa hotonta. Iyayenta sun ƙwace wayar, sun lakaɗa mata duka. Yanzu shugaban makaranta ya ce in tsaya gaban yaran in yi musu bayani kan haɗarin intanet. Ga kuma zagin juna da suke yi a zaurensu na WhatsApp. Wallahi hankalina a tashe yake. Me zan faɗa musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan damuwa da kika yi da su.

Kafin ki buɗe baki a gaban ajin nan, ki sani an riga ki yi musu darasi. Sun ga abin da ya sami ƙawarsu, kuma kowanne ya ɗauki karatu ɗaya: duk wanda asirinsa ya tonu zai sha duka, ya rasa waya. Wannan shi ne kuskuren da nake fama da shi kullum wajen iyaye da malamai, kuma na gaji da maimaita shi. An bar jaki ana dukan taiki. Baƙon da ya nemi hoton yana nan lafiya lau, watakila ma yana hira da wata yarinyar a ajin naki.

Ki duba yadda irin waɗannan mutane suke aiki. Ba da batsa suke farawa ba. Da yabo suke farawa, da "kin fi sa'anninki hankali", da 'yar kyauta a cikin wasan waya, da sauraron ƙorafin yarinya kan gidansu. Sai a ce mata wannan sirrinmu ne. Sai a janye ta daga inda kowa ke gani zuwa hira ta keɓe. Ranar da hoto ɗaya ya shiga hannunsa, murya ta canza: ki ƙaro, ko in tura wa babanki. To ki lura, duk makaminsa tsoron da yarinyar take yi wa iyayenta ne. Uban da ya zane 'yarsa saboda ta faɗa hannun mugu, shi da kansa ya wasa wa mugun wuƙa. Nan gaba ko da wayar ƙawa ta shiga, ko an yi mata barazana, ba za ta faɗa wa kowa ba. Kuma kada a zaci matsalar 'yan mata ce kaɗai. A Disamban 2022 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan masu yaudarar yara su turo hotunan tsiraici sannan su nemi kuɗi, kuma akasarin waɗanda abin ya shafa yara maza ne. Wasu cikinsu sun kashe kansu saboda kunya da tsoro.

Sai kuma masu cin kasuwa da firgicin iyaye. Wani zai ce akwai manhajar sirri da za ta nuna maka duk abin da ɗanka yake yi. Da yawansu su ne ɓarayin bayanan, kuma yaro ɗan shekara 12 yakan gano an saka masa tun kafin uban ya koyi buɗe ta. Ga masu yaɗa saƙonnin murya na tsoratarwa. Kin tuna batun Momo a 2019, hoton nan mai manyan idanu da aka ce yana umartar yara su cutar da kansu? Hoton wani sassaƙe ne da aka yi a Japan, kuma YouTube ta ce ba ta ga shaidar bidiyoyin da aka ce suna yaɗa abin a dandalinta ba. Manya ne suka yi ta turawa har yaran da ba su taɓa jin labarin ba suka shiga nema. Idan iyaye na son kayan aiki na gaskiya, akwai Family Link na Google da Screen Time na Apple, kyauta, suna taƙaita lokaci da manhajojin da za a sauke. A saka su da sanin yaron.

Wani abin da ya kamata ki gaya wa iyaye: Instagram da TikTok da Snapchat duk shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Ɗalibanki ba su kai ba, ke nan an yi ƙaryar shekaru, sau da yawa ma babba ne ya buɗe musu. Ita kanta 13 ɗin ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 kan tattara bayanan yara, ba wai an tabbatar ɗan 13 ya kai hankalin kare kansa ba. Ostiraliya ta ɗaga nata zuwa 16.

Ga yaran kuma, kada ki yi musu wa'azin awa guda. Ki ba su alamomin da za su riƙe: wanda ya ce a ɓoye hira, ko ya nemi hoto, ko ya ce a koma wata manhajar, a daina ba shi amsa, a ajiye sunan shafinsa da saƙonninsa, a toshe shi, a gaya wa babba. Ki nanata musu cewa laifin na wanda ya nema ne. Idan hoto ya riga ya fita, akwai shafin Take It Down na cibiyar NCMEC ta Amurka mai kare yara daga cin zarafi, wanda yake taimaka wa 'yan ƙasa da 18 a cire shi daga manyan dandali ba tare da hoton ya bar wayar yaron ba. Ke kuma kada ki karɓi irin wannan hoton a wayarki da sunan ajiye hujja.

Zagin zauren WhatsApp ya fi sauƙin magancewa. Mai zagin mutum ɗaya ne ko biyu, amma masu tura alamar dariya da masu turawa gaba su ne ke ba abin rai. Ki yi magana da waɗannan. Ki nuna musu a aikace cewa saƙon da aka goge, ko hoton gani sau ɗaya, ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Sannan ki bar su su tsara dokokin zaurensu da bakinsu, ki rubuta a allo. Abin da suka yanke da kansu sun fi kiyaye shi.

Game da umarnin shugaban makaranta, ki roƙe shi ya ɗan jinkirta taron. Idan kika yi shi wannan makon, kowane ido zai koma kan yarinyar nan, ko ba ki ambaci sunanta ba. Ki fara zama da iyayenta, a kai rahoton shafin mutumin ga Instagram da 'yan sanda, sannan ki kira ta gefe ki gaya mata ba ita ce mai laifi ba. Bayan mako biyu ko uku sai ki tara ajin.